Na San Su Kafin Su Kwanta

Shekaruna sun haura saba'in, kuma ba zan faɗi sunana ba. Ina da ƙanne da 'ya'yan ƙanne a Kano, ba na son a riƙa nuna su da baki a wurin ɗaurin aure saboda ni. Abin da zan iya faɗa shi ne, ni mai harka ne. Wanda ya san kalmar ya riga ya gane. Wanda bai sani ba, da ita muke kiran junanmu, mu mazan da zuciyarsu ke karkata ga maza. Sauran sunayen kowa ya san su, ni ma tun ina firamare nake jin su.

Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan, duk lokacin da aka ɗauko zancen irinmu na Amurka a shekarun 1970, ba a yin jimla biyu sai an faɗa kan ƙanjamau, sai ka ce a gadon asibiti aka haife su. Ni kuwa na san su da ƙibarsu, da dariyarsu, da rigimarsu, da bashin da suka ci ba su biya ba. Shekara biyar na yi a cikinsu kafin kowa ya ji labarin ciwon.

Tun ina aji uku na sakandare na san abin da ke raina, sai dai babu wanda zan gaya wa. Waɗanda na gani da ido kawai su ne 'yan daudun tasha da na Sabon Gari, masu tuwo da suyar kaji, zane a ƙirji, habaici a baki. A zage su da safe, a ci tuwonsu da rana, in biki ya taso a aika a kira su girki. Wata rana ina jiran mota zan koma makaranta, na zauna a rumfar wani dattijo a cikinsu da ake ce wa Hajiya. Ya zuba mini tuwo, ya zuba mini ido ya daɗe, sannan ya ƙara mini tsoka biyu ya ce, "Ci ka ƙoshi, ɗan makaranta. Allah ya rufa mana asiri." Mana ya ce, bai ce maka ba. Na ajiye masa kuɗinsa, na bar rabin tuwon a kwano, na shige mota jikina na ɓari. Ni ba na rangwaɗa, ba na tafa hannu, ina buga ƙwallo kamar kowa, amma ga shi kallo ɗaya ya gane ni. A lokacin na ɗauka hanya biyu ce kawai: ko ka ɗaura zane ka haƙura da mutuncinka, ko ka haɗiye maganar a yi maka aure.

A 1976, 'yan watanni bayan kashe Janar Murtala, na samu gurbin karatun haɗa magunguna a birnin Niyok, gwamnati ke biya. Zamanin kuɗin fetur ne, naira ta fi dala ƙarfi. Na kama ɗaki a Brooklyn, ba da jimawa ba kuma na samu wani kantin magani a unguwar Greenwich Village inda nake zuwa koyon aiki. Ranar farko da na fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a titin Christopher, sai ga wasu ƙarti biyu masu gashin baki riƙe da hannun juna. Wannan bai dame ni ba, a Kano ma aminai kan riƙe hannu su ratsa kasuwa. Amma da suka zo rabuwa sai ɗaya ya sumbaci ɗayan a baki, da rana tsaka, a bakin titi. Na waiga ina jiran in ji ihu. Matar da ke sayar da jarida a gefensu ko kai ba ta ɗaga ba, tana ta ƙirga canjinta. Na tsaya a wurin har na makara.

Shekarar farko ba zan yi wa kowa ƙarya ba, na zama kamar mai azumin da ya ji kiran magariba. Akwai mashayu, akwai gidajen wanka na maza zalla, akwai tsofaffin rumbunan tashar jirgin ruwa a bakin kogin Hudson da aka daina amfani da su, akwai manyan motocin dakon nama da ake ajiyewa da dare a bar su a buɗe. A gidan wanka za ka biya kuɗi ta taga, a miƙo maka tawul da mabuɗi ɗaure a roba, ba mai tambayar sunanka. Abin da ake yi a ciki ba zan zana shi ba, babba ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne su wane ne a ciki: lauya, direban bas, malamin makaranta, magidanci da zoben aure a yatsa wanda ya tsallako daga New Jersey zai koma kafin matarsa ta kwashe abincin dare. Da an tuɓe kowa tawul ɗaya ne. Kuma a wancan zamanin mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin aƙida. Suna cewa an daɗe ana ɗaure mu, ana ɗirka mana magani, ana sa mana lantarki a ka wai don mu warke, to yanzu jikinmu namu ne, aure da kishi kayan masu mata ne, mu ba za mu kwaikwaye su ba. Wanda ya ce mutum ɗaya yake so, sai a ce har yanzu bai fita daga kurkuku ba.

Akwai daɗi a ciki, wanda ya yi shekara ashirin yana jin kansa ƙazanta ba zai raina a dube shi da sha'awa ba. Akwai kuma kaɗaici mai cin rai. Sau da yawa na fito da asuba, gari ya yi tsit, ina tafiya tashar jirgi ina neman sunan mutum ɗaya da zan tuna, babu. Sannan akwai haɗari. A rumbunan bakin kogin daben katako ya ruɓe, mutum kan zurma, ɓarayi kuma na laɓe a duhu don sun san wanda suka yi wa fashi ba zai je ofishin 'yan sanda ba. A watan Mayun 1977 gobara ta tashi a wani tsohon gidan wanka da ke titi na 28, mutum tara suka mutu. Bayan kwana biyu wani dattijo da ke sayen maganin hawan jini a wurinmu ya shigo da hannu a naɗe, ya ce tukunya ce ta ƙona shi. Na haɗa masa man ƙuna, muka haɗa ido, kowa ya yi shiru.

Ni kuma ina da nawa tsoron na daban. Har zuwa 1980 dokar jihar Niyok na ɗaukar abin laifi, sai a ƙarshen shekarar kotun ƙolin jihar ta soke ta. Dokar shige da fice ta Amurka kuwa, wadda ta hana baƙo irina shiga ƙasar, ba a cire wannan sharaɗin ba sai 1990. Kame ɗaya ya isa a mai da ni gida, takarda ta riga ni isa. Saboda haka duk inda na hango mai kyamara sai in juya baya.

Wanda ya tsayar da ni wuri ɗaya, zan kira shi Tela, don sana'arsa ke nan. Baƙar fata ne ɗan jihar Karolina ta Kudu, ya girme ni da shekara goma sha biyu. Mahaifinsa dattijon coci ne, ya kore shi yana ɗan shekara sha tara, ya hau bas zuwa Niyok da akwati ɗaya. Da rana yana ɗinki a masana'antar tufafi, da dare yana kan kekensa a ɗakinsa na Harlem. Mura ce ta kawo shi kantinmu a ƙarshen 1977. Ya ga hular da ke kaina, ya roƙi in ba shi ya gani. Ya juya cikinta waje, ya kai ta ƙarƙashin fitila yana bin zaren da farce, ya ce, "Wanda ya yi wannan da hannu ya yi, kuma ba ya sauri." Tunda na zo ƙasar, masu jin daga Afirka nake zaki suke tambaya ta. Shi ɗinki ya tambaya.

A bakinsa na ji yadda ake kafin zuwana. 'Yan sanda su dira mashaya, su kunna fitilu, su jera mutane a jikin bango, wanda sunansa ya fita aikinsa ya tafi, wani lokacin har ɗakin haya. Sai daren 28 ga Yunin 1969, aka kai irin wannan samame wata mashaya mai suna Stonewall a nan titin Christopher, mutane suka ƙi watsewa, suka shiga jifa da kwalabe da tsabar kuɗi, aka kwana ana artabu, aka kuma ci gaba a dararen da suka biyo baya. Shekara na zagayowa aka yi jerin gwano daga unguwar har Central Park, tun daga nan kuma ake yi duk ƙarshen Yuni. A Disambar 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire abin daga jerin cututtukan taɓin hankali. Tela ya ce ranar jarida biyu ya saya, ya aika wa mahaifinsa ɗaya. Amsa ba ta zo ba. Lokacin da ya kai ni ya nuna mini ginin Stonewall, ba mashaya ba ce ma, shaguna ne a ciki, mutane na wucewa ba mai kallonsa.

Shi ne kuma ya buɗe mini ido a kan abin da nake gani ina kau da kai. 'Yancin nan ba daidai aka raba shi ba. A ƙofar wasu mashayun, Bature zai wuce da murmushi, ni da Tela a ce mu kawo katin shaida biyu, in mun kawo a ce uku. Mutanen da suka san zafin a rufe musu ƙofa su ne ke rufe mana. Wannan ya fi zagin titi yi mini ciwo. Sai ya kai ni Paradise Garage a titin King, tsohon garejin motoci da aka mayar gidan rawa, yawancin masu zuwa baƙaƙe ne da 'yan Latin. Ba a sayar da giya, sai ruwan 'ya'yan itace da kayan marmari a kan tebur, abin da ya yi mini daidai don har yau ban san ɗanɗanon giya ba. Larry Levan ke sa faifai. Kiɗan ba ta kunne yake shiga ba, ta ƙirji yake shiga, irin na ganga in ka tsaya kusa da makaɗi. Ka shiga tsakar daren Asabar, ka fito rana ta take ranar Lahadi, masu zuwa coci na wucewa da huluna. A nan na fara rawa a rayuwata. Ɗaruruwan mutane irina, jiƙe da gumi, babu mai sunkuyar da kai.

Salla ban bari ba. Ranar Juma'a nakan hau jirgi zuwa masallacin da ke Riverside Drive, in shiga sahu tsakanin Balarabe da ɗan Pakistan. Na san abin da malamai suka ce, na karanta shi tun a allo, ba sai an tuna mini ba. Na yi kuka a sujada ba sau ɗaya ba, na roƙi a cire mini, na yi azumin nafila. Abin da na ƙi yi shi ne in yanke ƙauna daga rahamar Ubangijina, ko in ɗauko 'yar mutane in ajiye a ɗaki ta ƙare rayuwarta tana tambayar kanta laifin me ta yi. Inna kan aiko da kaset ta hannun masu zuwa. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, sai dai ta ce, "A gaya wa na Amurka ƙannensa duk sun yi iyali, shi ake jira." Bayan muryarta kana jin akuya da daka. Nakan saurara sau ɗaya in sa a akwati. Tela ba ya jin Hausa, amma ya kan sa in sake kunna masa, ya ce muryarta irin ta kakarsa ce.

Mun yi faɗa da yawa, kuma a kan abu ɗaya. Ni kishi gare ni, shi kuma ya ce bai tsere daga gidan ubansa don ya shiga wani gidan mai makulli ba. Yakan fita wasu dararen, in kwana ina juyi, da safe ya dawo da burodi mai zafi. Ni ma ban zama waliyyi ba, in na yi fushi nakan fita. Haka muka zauna.

A kanti ina ganin ɗaya fuskar abin. Takardun likita na ciwon sanyi, da tunjere, da atini, da ciwon hanta, kullum sai sun zo, wani ma duk bayan wata biyu. Ba mai tsoro, ana ganin penisilin ya gama da komai. Kwaroron roba kuwa na hana ciki ne, wa zai yi ciki a cikinmu? Tsohon Bayahuden da ke koya mini aiki yakan girgiza kai yana lissafa ƙwayoyi, amma bai taɓa wulakanta kowa ba. Abin da ba a tunawa, tun daga 1978 maza irinmu fiye da dubu a Niyok suka miƙa hannunsu aka gwada allurar rigakafin ciwon hanta a jikinsu, ta kuma yi aiki. Ni na san wasu daga cikinsu, suna alfahari da ɗan tabon allurar.

A waje ma ba a bar mu mun huta ba. A 1977 mawaƙiya Anita Bryant ta jagoranci kamfe aka soke dokar kare irinmu a yankin Miami, kuma da yake ita ke tallar lemon Florida, mashayun irinmu suka daina sayar da shi. A 27 ga Nuwambar 1978 aka harbe Harvey Milk, ɗan siyasa irinmu, a San Faransisko tare da magajin garin, George Moscone, Milk bai cika shekara a kujerar majalisar birnin ba. A 14 ga Oktoban 1979 aka yi babban gangamin irinmu a Washinton. Muka hau bas tun duhu. Duk jerin gwanon baya a gefen titi nake bi, da baƙin tabarau. Ranar nan da na ga wata tsohuwa ɗauke da allo tana tafiya kusa da ɗanta, sai na cire tabarau na sa a aljihu, na shiga tsakiya. Ban fi awa biyu a haka ba. Har yau ina jin iskar ranar a fuskata.

Na gama karatu a 1981, ina shirin komawa bautar ƙasa. A 3 ga Yuli jaridar New York Times ta buga wani ɗan labari can ciki, cewa an ga wata baƙuwar cutar daji a jikin maza 41 irinmu. Muka karanta a kanti muka ajiye. Na ɗaga tafiyar da wata shida, don ban san yadda zan yi sallama ba, sannan na ƙara wasu shida. A 1982 Tela na wanka ya kira ni in duba masa ƙwaurinsa. A jikin Bature tabon cutar nan shunayya yake fitowa, a jikin baƙi kuwa kamar tsohon tabon ƙuna. Ni mai karatun magani ne, na gane, na ce masa ƙila ya buge ne.

Wannan ɓangaren ba zan ja shi ba, an sha ba da irinsa. A asibiti akan ajiye masa abinci a ƙasa a bakin ƙofa, ni nake ɗauka in ba shi a baki. Waɗanda suka tsaya mana su ne 'yan sa kai na Gay Men's Health Crisis, ƙungiyar taimakon masu ƙanjamau, da wasu mata masu son mata waɗanda a da ba ma gayyatar su ko'ina. Ya rasu da sanyin 1984, nauyinsa bai kai na yaro ba. Yayarsa ta zo ɗaukar gawa. A takarda ni ba kowa ba ne, abokin haya ne. Ta kwashe kaya har keken ɗinki, ta kai bakin ƙofa, sai ta dawo ta sa mini almakashinsa a hannu ta ce, "Ɗana, na san kai ka yi jinyarsa." Ina rubuta sunayen waɗanda suka tafi a bayan littafin lissafi, da na wuce talatin na daina. A 1985 gwaji ya fito, na je, aka ce ba ni da shi. Ban fi su da komai ba, ƙofofin da suka shiga na shiga. Inna ta rasu ba ta ga aurena ba.

Azumin 1978 a watan Agusta ya faɗo, rana doguwa, zafi kamar na Afrilu a gida. Tela, ɗan mawaƙan coci, shi ke tashi ƙarfe uku ya dafa mini sahur. Daren farko na buɗe tukunya na ga shinkafa da wake, gefe ga miyar kuɓewa. Na ce wa ya koya maka? Ya ce abincin kakanninsa ne, a garinsu kowa shi yake ci. Duk watan nan yana ɓoye wani abu a ƙarƙashin gado. Ashe tsohuwar babbar rigata ya ɗauka ya auna, ya sayo farin yadi, yana ɗinkawa in na tafi aiki. Aikin wuyan ne ya ba shi wuya. Ya so ya yi aska biyu, ya warware sau uku, a ƙarshe ɗaya ta fi ɗaya tsawo, tana nan haka har yau.

Ranar salla na sa ta na je idi, ya jira ni a waje a kan benci. Daga nan muka gangara bakin kogi, ƙarshen titin Christopher. Gadar mota ta sama a rufe take tun da ta rufta a 1973, ciyawa ta fito a kanta. A kan katakon tashar mutane sun baje tawul suna shan rana, rediyo na tashi ta ko'ina, wasu yara da iyayensu suka kora suna raba burodi ɗaya. Na ratsa su da babbar riga da hula, iskar kogi na cika ta. Wani dogo mai jan baki da 'yan kunne ya miƙe zaune ya dafa ƙirji, ya tambayi wane sarki ne ya zo. Tela ya ce, "Yau sallarsu ce, ni na ɗinka." Aka yi ta tafi, wani ya kawo kankana, wani ya matsa mana wuri. Na naɗe hannun rigar a kafaɗa yadda Baba ke yi, na zauna. Tela ya kwanta ya ɗora kansa a cinyata, ya kama bakin rigar yana duba ɗinkinsa, ya ce akwai zare ɗaya da ya manta bai yanke ba.